Matashin Allura

Tun da mijina Kusain ya rasu babu wanda ya ƙara ce mini in miƙo matashi bayan la'asar. Shekara ashirin da shida ina jin kalmar nan daga bakinsa, yana zaune a kan matakalar gidanmu, fuskarsa na kallon fadama. Ranar da aka kai shi makwanci kalmar ta bi shi, bayan kwana bakwai bindigarsa ma ta bar gidan.

Ni Norhata aji huɗu na yi a makaranta, amma abin da na sani game da bindigar nan na san shi sarai. Ƙarama ce, mai lamba ashirin-da-biyu, ta ɓeraye da tsuntsayen shinkafa. Allurarta ba tsakiyar gindin harsashi take sara ba, gefensa take sara. In ka danna kunama babu komai a ciki, sai allurar ta zarce ta sari ƙarfen bindigar kanta. Ita ta dakushe, wurin da ta sara ya loɓa. To, Kapitan Talusan, shugaban garinmu, ya hana harbi a cikin gari sai ranar kanduli, wato bikin godiyar girbi, ranar da ake ɗora ƙwan agwagwa a kan gora a taki sittin, maza su gwada hannu. Saboda haka duk shekara Kusain babu harsashi yake gwaji. Sai ya sa kwanson da aka riga aka harba, allura ta sami abu mai laushi ta ɗora kai. Shi ne matashi. Aikina in ɗauko daga gwangwanin biskit in miƙa masa, in ya danna ya fitar, in juya masa gefen da bai ji sara ba. Ƙarar ba ta wuce ta ɗigon ruwa a kan ganyen ayaba. Sau tara yana fasa ƙwan kanduli.

Yana da wa guda, Yaya Mentang, wanda gidansa ke jikin namu, har tari muna jin na juna ta bangon gora. A faɗarsa shi ya koya wa Kusain harbi. A sanin gari kuwa sau ɗaya ya taɓa riƙe bindiga, ya auna damo ya sami butar alwalar surukinsa.

Ana gobe Kusain zai cika, Yaya Mentang ya zo duba shi, idonsa na kan bango inda bindigar take rataye. Kusain ya lura. Ya riƙo hannunsa ya ce, "Yaya, ko wa ta faɗa wa hannu, kada ya danna ta babu matashi."

Yaya Mentang ya ce wannan ai ko jariri ya sani.

Da aka zo rabon gado komai ya tafi lami lafiya, don 'ya'yanmu biyu mata ne, kowacce tana gidanta, babu mai son rigima. Saura abu biyu, bindiga da kwalekwale. Yaya Mentang ya ce bindiga gadon gwani ce, kuma gwanin da ya rage a dangi shi ne. Ni na ce a ba shi kwalekwalen, ya fi ta amfani. Aka yi ta ja. Ina cikin takaba, daga bayan labule nake magana. A ƙarshe Kapitan ya yanke cewa bindiga ta zauna wurin Yaya Mentang har kanduli, wata huɗu da rabi. Ranar za a ba shi harsashi uku. In ya fasa ƙwai ko sau ɗaya, bindiga tasa, kwalekwale nawa. In ya kasa, a juya.

Yaya Mentang ya ce harsashi biyu asara ne, a bar masa ɗaya. Kapitan ya ce a dai bar ukun. Yaya Mentang ya saɓa bindiga, ya ɗauki gwangwanin biskit ɗin ma ya tafi da shi.

Washegari bayan la'asar na ji ƙarar. Ƙas. Na ajiye tsintsiya. Ƙas. Ba ɗigon ruwa ba ce, wannan ƙarar cokali ce a kan haƙori. Na leƙa ta tsagar gora, na gan shi kwance rub da ciki a baranda, ya ɗora bindigar a kan matashin kan matarsa Bainot, ya runtse ido ɗaya, yana dannawa.

Na kira shi ta bango. Na ce masa ba wannan matashin marigayi yake nufi ba, kwanson harsashi ne, ga su nan cike da gwangwani a ɗakinsa.

"Norhata," in ji shi, "kin taɓa ganin wanda ya ɗora kai a kan tagulla ya yi barci?"

"Ba mutum ne zai ɗora ba, Yaya, allura ce."

"Allura tana da kai ne?"

"Tana da shi, kuma kana fasa mata."

Ya yi dariya irin ta mai tausayin mutum. Ya ce ƙaninsa, mutumin da ya fasa ƙwai tara, ba zai ɓata maganarsa ta ƙarshe a kan shara ba. Ya ƙara da cewa ya gane dabarata, so nake in cusa masa tarkace a bindiga ta toshe. Ya ce bai riƙe ni da komai ba, zafin rashi ne.

Ƙa'idarsa sau ɗari uku a yini. Ya ce Kusain hamsin yake yi, shi ya sa ya tsaya a tara.

Da farko saitin nasa bai da alƙibla. Mai sayar da kifi ya biyo ta hanya ya hangi bakin bindiga na binsa, ya yi tsalle ya faɗa kwata da kwandonsa. Yaya Mentang ya ɗaga murya ya ce masa babu komai a ciki. Mutumin ya ce shi ma yanzu babu komai a kwandonsa. Kapitan ya zo da kansa ya juya shi da matashinsa suka fuskanci fadama, ya ce in ya ƙara auna ɗan Adam, ko da sanda ce, a bakin gadonsa na bindiga.

A fadama agwagi ne abokan gwajinsa. Kwana biyu suna gudu in sun gan shi. A rana ta uku suka daina. Kafin sati biyu sun gane cewa duk garin babu wuri mai aminci kamar gaban bindigar Yaya Mentang, suka dawo kiwo ƙarƙashin barandarsa. Wata rana ya tashi ya je salla, ya dawo ya tarar wata ta hau matashin ta saka ƙwai. Ya ɗauki ƙwan ya zagaya gari da shi. Ya ce ƙwai ya ji labarinsa, ya kawo kansa tun kafin kanduli. Bainot ta soya shi da albasa.

Kwansunan kuwa ya samo musu aiki. Ya huda kowanne ta wajen baki da ƙusa, ya shirya su a zare, ya rataya a wuya, layi uku, suna kacau-kacau in yana tafiya. Ranar kasuwa ya zauna a rumfar mai pastil, ana kwance ganyen ayaba ana cin shinkafa da kaza, yana nuna wa baƙi kwanso ɗai-ɗai. Wannan kada ne, wannan mesa ce, wannan shaho ne da ya harbo yana cikin hamma. Mai pastil ta tambaye shi ko wanne ne na butar. Ya ce mata shinkafarta ta yi ruwa.

Wata guda da farawa ƙarar ta canza. Ta zama ƙyas, da ɗan karkarwa a ƙarshe. Na sake kiransa na gaya masa. Ya ce shi ma ya ji, kuma ya gano dalili, matashin ne ya yi laushin tsufa. Ya shiga ɗaki ya ciro matasan aurensu, masu ado da zaren zinariya, waɗanda Bainot ba ta taɓa bari ko baƙo ya jingina da su ba. Da yamma sai ga Bainot a ƙofata da tabarmarta. Ta ce ba yaji ta yi ba, ta zo taya ni takaba ne, kuma in ina da matashin da ba na amfani da shi tana so.

Bapa Kadil maƙeri, wanda shi ne alƙalin harbin kanduli tun ina amarya, ya biyo wata rana zai je gona. Ya tsaya ya saurara. Ya karɓi bindigar, ya ja sakata, ya sa ɗan yatsa ya shafa bakin ramin harsashi. Ya gaya wa Yaya Mentang daidai abin da na gaya masa, bai ƙara ba bai rage ba.

Yaya Mentang ya ce, "Bapa, kasuwa ce ta yi sanyi? In aiki kake nema, ga addata can."

Bapa Kadil ya ce ya gode. Ya ciro wani ɗan zare daga aljihu, ya gwada tsawon allurar, ya ƙulla, ya mayar aljihu. Yaya Mentang ya tambaye shi ko me yake aunawa. Ya ce likkafani.

Daga nan abin ya girma. Yaya Mentang ya ce matashin kanti ba na gwanaye ba ne, sai wanda aka cusa da audugar rimi sabuwa. Ya hau rimin bayan masallaci da kansa da buhu. Ya tsinko, ya cika buhun, ya sauko lafiya har saura reshe ɗaya. Daga nan buhun ya riga shi sauka, shi kuma ya sauka a kan buhun. Buhu ya fashe. Ranar mata sun baza shinkafar girbin farko a kan tabarmi tun daga masallaci har bakin hanya, ga iska tana kaɗawa daga fadama. Sati guda duk wanda ya ci abinci a garinmu sai ya zare auduga daga haƙori. Liman ya yi huɗuba da fari-fari a gemunsa, wanda ba na shekaru ba. Yaya Mentang ya yi kwana uku yana ɗingishi, ya ce amma a lura, ba don matashi ba da ya karye, wannan kaɗai ya isa hujja.

Hujjar ta kama mutum biyu, magidanta da jikoki. Suka zama ɗalibansa. Da yake bindiga ɗaya ce, kuma ba ya bari a taɓa, sai suka yanko gora daidai tsawonta. Kullum bayan la'asar su uku ne a jere rub da ciki, kowa da matashin matarsa. Shi ya danna ƙyas, su kuma su ce ƙyas da baki. Mata suka kai ƙara wurin Kapitan. Kapitan ya ce ya duba, babu dokar da ta hana mutum kwanciya da gora.

Duk wannan ina ji ta bango. Mutane suna shigowa yi mini gaisuwa su fita suna share hawayen dariya, ni ma wani lokaci nakan yi. Amma kowace ƙyas a ƙirjina take sauka. Ƙarfen nan Kusain ya shafa masa man kwakwa da hannunsa shekara da shekaru, ko ƙasa bai taɓa bari ya taɓa ba. Na yi wa Yaya Mentang magana ta uku, har na ce na yafe, ya riƙe bindigar, in dai zai sa kwanso. Ya ce ba ya karɓar sadakar abin da yake nasa. Daga nan ban ƙara ba. Na san kowace dannawa tana lalata ta, na kuma san kowace dannawa tana matso da ita gida. Na yi shiru, kuma Allah ya san ba duka shirun ne na haƙuri ba.

Na fita takaba saura kwana goma sha biyu kanduli.

Ranar kanduli an yi abinci, an yi addu'a, mata suna kaɗa kulintang, jerin ƙananan kugen tagulla, a ƙarƙashin mangwaro. Bayan azahar aka kafa gora a bakin fadama aka ɗora ƙwai. Mutum shida suka riga Yaya Mentang harbi, biyu suka fasa. Sannan aka ji kacau-kacau. Yaya Mentang ne tafe da sabuwar riga da sarƙarsa layi uku. Ɗalibi ɗaya na ɗauke da matashin rimi a kan hannu biyu kamar mai kai gara, ɗayan na riƙe wa matashin laima. Ya ɗaga wa jama'a hannu. Ya ce wa Kapitan a tanadi ƙwai na biyu, don mai yiwuwa harsashin ya fasa na farko ya ga bai gaji ba.

Ya kwanta. Bapa Kadil ya miƙa masa harsashi. Ya tura, ya ƙi shiga. Bakin ramin ya loɓa ya yi ɗan leɓe. Ya danna da babban yatsa har jijiyar wuyansa ta tashi, da ƙyar sakata ta rufe. Ya ce bindigar ta yi kewar abinci ne, maƙogwaronta ya tsuke.

Ya auna, ya daɗe yana aunawa. Ya danna.

Ƙyas.

Ɗalibansa biyu, da yake sun saba, suka ce ƙyas.

Ya yunƙura zai juyo da bindigar ya leƙa bakinta. Bapa Kadil ya taka ta da ƙafa, ya ce ta ci gaba da kallon fadama har ya gama ƙirga talatin. Da ya gama, ya zaƙulo harsashin da bakin wuƙa ya ɗaga. Ko ƙwarzane babu a gefensa. Yaya Mentang ya ce harsashin bara ne, ya sha sanyi. Bapa Kadil ya miƙa wa na kusa da shi, wanda ya sa a tasa bindigar ya harba cikin fadama. Tau. Agwagi suka tashi, suka zagayo, suka sauka gaban Yaya Mentang.

Kafin na biyu ya ce a ƙaro matashi. Aka kawo na auren. Ƙyas.

Kafin na uku ya ce duk mai ƙaunar dangin Kusain ya taimaka. Mutanen garinmu ba su da rowa a irin wannan rana. Aka bazu gidaje. Aka tara matasai har suka kai masa ƙirji, dole ya miƙe tsaye. Wata tsohuwa ta kawo katifar jikanta. Mai pastil ta ce in ana so tana da buhun shinkafa. Ya gyara tsayuwa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya yi bisimilla da ƙarfi. Ya danna.

Wannan karon ko ƙyas ɗin ba ta fito sosai ba.

Bapa Kadil ya sake ƙirga talatin, ya ja sakata. Wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa ya faɗo, ya sauka a tsakiyar matashin aure, a kan zaren zinariya. Ya sunkuya ya duba. Kan allurar ne.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Yau dai ta sami matashi."

Yaya Mentang ya ce makirci ne. Ya ce shi ya cika wasiyya, duk garin shaida ne, babu ranar da ya danna babu matashi, har ƙashinsa ya kusa karyewa a kan matashi. In akwai wani matashin da ya fi waɗannan, a nuna masa.

Kapitan ya waiwayo ya dube ni. Na tashi daga cikin mata na je gaban Yaya Mentang. Ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Na ce, "Yaya, sunkuyo." Ya sunkuyo, don bai san abin da zai yi ba in ba hakan ba. Na kama kwanso ɗaya a sarƙar wuyansa na ɗaga.

"Ga shi. Wata huɗu kana yawo da su."

Ya dubi kwanson, ya dubi tarin matasai. Mai pastil ta tambaya ko wannan ne na kadan ko na mesar. Daga nan ban ƙara jin abin da kowa ya ce ba, saboda dariya. Masu kulintang ma sun ajiye sanduna. Mata suka shiga zare matasansu, kowacce tana kaɗe nata. Bainot ta ɗauki na aurenta biyu ta wuce gida, ba ta dubi kowa ba.

Kapitan ya miƙo mini bindiga. Yaya Mentang ya cire sarƙar da kansa ya ɗora a kai. Ya ce dama shi tun asali mutumin ruwa ne, kowa ya san shi ya koya wa Kusain tuƙi.

Bapa Kadil ya raka ni gida. A kan matakala ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu, ya kwance. Sabuwar allura ce, ya ƙera ta tun wata uku da suka wuce, daidai tsawon zaren nan. Ya goge leɓen da ramin ya yi, ya ɗaura ta. Ya ce tabon ba zai ɓace duka ba, amma za ta yi harbi. Na ce ba harbi nake so da ita ba. Ya ce ya sani.

Da ya tafi na tsinke zaren sarƙar na mayar da kwansuna cikin gwangwaninsu. Hujin ƙusa ta baki yake, gindinsu lafiya lau. La'asar ta yi. Na zauna inda Kusain yake zama, na fuskanci fadama. Babu wanda ya ce in miƙo, sai na miƙa wa kaina. Na sa, na rufe sakata, na danna.

Ɗigon ruwa a kan ganyen ayaba.

Na daɗe a wurin ban sake dannawa ba.

Jiya Yaya Mentang ya zo ya ja kwalekwalensa. Na gaya masa abin da Kusain yakan ce, in rani ya yi a riƙa ba shi ruwa ya sha, wato a bar shi cikin fadama kada katakon ya tsage. Ya ce wannan ai ko jariri ya sani. Da safen nan na leƙa ta tsagar gora, na ga kwalekwalen a kan tudu cikin rana, shi kuma yana tsaye a wajen goshinsa da buta da kofi.

Allah ya jiƙan Kusain, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya sami inda zai ɗora kai mai laushi. Allah ya yafe mini shirun da na yi. Kwalekwalen nan kuma, wanda bai yi wa kowa laifi ba, Allah ya kawo masa ɗauki. Wanda duk ya karanta, ya taya ni da amin.